Ku Zo Haka Nan

Turawa masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa, irin Queen Mary 2 da ya fara ratsa teku tsakanin Ingila da Amurka a 2004, suna da dokar sutura ta cin abincin dare. A tsohon tsarin irin waɗannan jirage, dare iri uku ne: na cikakken ado, na sakin jiki, sai na tsakiya wanda sunansa ke nufin "babu tsanani". Nan tarkon yake. Daren "babu tsanani" shi ne wanda sai ka sa kwat, wani jirgin har da zaren nan da suke shaƙe wuya da shi, kafin a ba ka kujera.

Mu a ƙauyukan Dambatta da Makoda ba mu da teku, amma muna da tarkon. Namu sunansa: "Ba wani taro ba ne, ɗan zaman suna ne, ku zo haka nan."

Wanda yake fara faɗawa shi ne mai gaskata magana. An ce haka nan, ya zo haka nan: daga gona, da ƙaiƙayin gero a wuya, wando ɗaya a naɗe, silifas an ɗaure da waya. Ba a kore shi ba, Allah ya kiyaye. Sai dai kafin ya gama gaisawa an ce, "Yauwa Malam, tunda kai ba ka shirya ba, ɗauko mana tabarmin nan." Daga tabarma sai buta, daga buta sai riƙe ƙafar rago.

Sai Alhajin da "bai ma san da taron ba, wucewa ya zo yi". Wucewa zuwa ina, a ƙauyen da hanyarsa ta ƙare a bakin rijiya? Shaddar Getzner ce a jikinsa, daga Kantin Kwari, ta sha sitati har tana iya tsayuwa ba tare da shi a ciki ba. Karin guga kamar bakin aska. Hula zanna an karya ta a madubi tun asuba, turare kuwa ya riga shi sallama. Matsalarsa ɗaya: zama. Yakan tsaya yana duban tabarma kamar mai cinikin sa ranar Lahadi a kasuwar Dambatta, ya tattare riga, ya sauka a hankali, yana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Idan ka yaba, sai ya kaɗe kafaɗa ya ce, "Haba ɗan'uwa, tsohuwa ce, ta zaman gida ce." Ni dai ban taɓa ganin gidan da ake zama da ita ba.

Ɗan ci-rani da ya dawo daga Legas, shi rigar ƙwallo ce da wando yagagge a gwiwa, wanda da kuɗinsa ya sayi yagar. Kakarsa ta ja shi gefe: "Ɗan nan, cire in ɗinke maka, kada a ce ba ka samo komai ba."

Mai rigar aro ana gane shi da hannun riga da ya haɗiye yatsunsa, da kuma idon mai rigar da ke bin kowace loma daga kwanon miyar manja zuwa baki. "Ci a hankali, Yaya," in ji shi, kuma ba tausayin ciki yake ji ba.

A cikin gida kuwa, "haka nan" ba ta kwana. Uwar ɗakin mai jego ta ce ba za a yi anko ba, shekarar ta yi tsada. Kwana uku tsakani, mata ashirin suka shigo da atamfa iri ɗaya, kowace tana rantsuwa dacewa aka yi.

Baba Tsoho ne kaɗai bai san tarko ba. Rigarsa ɗaya ce ta saƙi, irin saƙar Minjibir, da ita yake zuwa suna da jana'iza da Idi, kuma har yau ba a haifi mai cewa ta yi kaɗan ko ta yi yawa ba.

Ana cikin raba goro sai ga mai gida, wanda ya ce a zo haka nan, ya fito daga zaure cikin malum-malum, yaro na riƙe masa gefe. Ya hango mai ƙaiƙayi yana wanke hanjin rago, ya ce, "Kai kuwa wane, ko ɗan canza riga?"