Jirgi Na Tafe, Kwabo Ya Ɓace

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, aka ce ta Kazaure zai bi, masu tsohon buri suka farka. Yaran Kano sun daɗe suna ɗora kwabo ko ƙusa a kan dogo, jirgi ya bi ta kai, ƙusa ta zama wuƙa, kwabo ya zama faifai. To ga dogo zai iso ƙofar gida, kwabon ne babu. Ko naira ɗaya da naira biyu na ƙarfe da Babban Banki ya fitar a 2007, mai ƙosai ba ta karɓa. Saboda haka aka bazama nema.

Akwai Baba mai labari, wanda ya yi almajirci a Fagge. A bakinsa jirgin Nguru ya take masa sule har ya kai faɗin murfin tukunya. Ina sulen? Yana cikin adaka. Makullin kuwa ya ɓata tun kafin canjin kuɗi na 1973.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai neman kwabo mai huji, na zamanin Turawa. An tsegunta masa cewa wani Alhaji a Kwatano yana saye da miliyoyi, muddin kwabon ya ja allura ko ya kashe wutar ashana. Ya zazzage tukunyar kakarsa a Gwiwa, ya kwance layun ƙannensa, ya sayar da akuya biyu ya biya mai duba. Alhajin bai taɓa ɗaga waya ba, yaronsa ne kullum yake cewa a turo kuɗin mota. Mai neman kwabon kuwa, bara kan keken ɗinki yake nema, wai akwai jar zaiba a ciki.

Sai ɗan boko mai waya a hannu. Ya ji labarin wasan da aka ƙirƙira a Amurka a 2000, inda ake ɓoye gwangwani a sa lambobin wurin a intanet, masu nema su bi tauraron ɗan'adam har su gano shi. Ya hau duwatsun Roni ya cusa nasa a kogo. Kafin la'asar wani yaro makiyayi, wanda ba shi da waya balle data, ya tsince shi, yana zuba goruba a ciki.

Ɗan gwangwan bai damu da kwabo ba. Dogon kansa yake kallo, yana lissafin kilo a zuci. A sa masa ido.

Mutumin Babura ne kaɗai ke da silalla a aljihu, sefa ce daga tsallaken iyaka, inda har yanzu dala take kuɗi. Aka ce ya ba da ɗaya a ɗora in jirgi ya zo. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, sai dai a saya, kuma da farashin yau.