Shamuwa Mai Albashi

Ku matso kusa, 'yan majalisar gindin dalbejiya, yau da ku nake. Tun ranar da na rubuta cewa manomin fadama ya riƙa kasa kunne ga hasashen yanayi, ban huta ba. Wani ya aiko cewa na koma ɗan duba. Wani daga wajen Auyo ya ce ruwa na Allah ne, in daina shisshigi. Kawuna kuwa bai ɓata kuɗin kira ba, sai da ya bari na kai loma ta biyu sannan ya ce, "Kai yaro, waɗannan mutanen naka na Abuja, akwai wanda ya taɓa riƙe fartanya a cikinsu?"

Ban musa ba, Kawu, ruwa na Allah ne. Amma wane ne da ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya sai ya aika a kai masa garma maƙera? Wane ne da ya ga tururuwa na jigilar ƙwai sai ya ce wa Inna ta kwashe shanya? Shekara da shekaru kana wannan, ba wanda ya taɓa kiranka boka. To hukumar NiMet ma shamuwa ce, bambancin kawai ita tana da albashi. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Sai ƙanwarta NIHSA, mai kula da koguna, ta biyo da jerin wuraren da ambaliya za ta iya ci. Sunan jiharmu ba ya cika ɓacewa a jerin nan. Abin dariya, jihar da sunanta ke nufin tudun yashi.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi a cikinku shi ne mai ɗaga kai sama. A ce masa ruwa na tafe, sai ya kare ido da tafin hannu, ya dubi gabas, ya ce, "Ina hadarin? Sama garau take." Malam, ruwan da ke cin Haɗeja ba lallai a Haɗeja ya sauka ba. Baƙo ne daga Kano. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin namu, kuma kowannensu akwai madatsa a kansa: Tiga tun 1974, Challawa tun 1992. Idan aka jera kwanaki ana tafka ruwa a can, madatsun suka cika suka tumbatsa, rafukan da ke ƙasa da su ma suka kawo nasu, sai ruwan ya kamo hanya. Ya bi ta Wudil, ya gaida Ringim, yana tafe yana neman fili, sai bayan kwanaki ya iso mana. A gindin gada akwai ma'auni mai lambobi kamar na tela, ana karanta inda ruwa ya kai safe da yamma. Idan mai karatun ya ce yau ya haura na jiya, ina duba a nan? Ai daidai yake da a bugo maka waya daga tasha a ce surukarka ta hau mota. In ka ga dama ka share tsakar gida, in ka ga dama ka tsaya kallon sama, isowa dai za ta yi.

Kuma in ta iso, ɗakin da aka saba sauke ta a cike yake. Kacalla ta mamaye shi. Tun da madatsu suka sa ruwa ya daina ƙafewa sarai da rani a wasu sassan, wannan ciyawa ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har wajen Guri da Kirikasamma, ta tara laka, ta ba jan-baki masauki yana cin shinkafar mutane kyauta. Kowane masunci ya san inda kwalekwalensa ke wucewa a da, yanzu ko kwaɗo sai ya yi dabara. Ruwan da ya tarar da ƙofa a rufe ba ya komawa Kano. Gona yake shiga, daga gona sai gari.

Na san abin da za ku ce, don na sha ji: mu Haɗejawa ne, jinin Sarki Buhari, ko Turawa a 1906 sai da aka gwabza. Gaskiya ne, kuma ni ma nakan kumbura in ana faɗa. Sai dai kogi bai karanta tarihi ba. A 2020 da 2022 jikokin jaruman nan ne na gani da wando a naɗe har gwiwa, cikin dare, da fitilar waya a baki, suna miƙa wa juna buhunan yashi a kan jinga. Jarumta ce ta gaske, Allah ya saka musu. Amma buhun da aka cika da rana tsaka mako guda kafin zuwan ruwa, nauyinsa ɗaya da na dare, kuma ba maciji a ƙarƙashinsa.

Ga wani abin da zai ba ku haushi. Hadarin nan da ke taso mana daga gabas ya kwashe rufin kwano, ba a nan yake ƙarewa ba. Jerin irinsa kan ci gaba da tafiya yamma, ya ratsa Mali da Senegal, ya faɗa tekun Atlantika. Wasu su mutu a hanya, wasu su sha ɗumin teku su zama mahaukaciyar guguwa. Irma, wadda ta daki Florida a 2017, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta taso. Shi ya sa mutanen Amurka ke zuba wa gajimarenmu ido ta tauraron ɗan'adam tun yana jariri, har jirgin sama suke turawa cikin guguwar don a auno ƙarfinta. Wato su suna gadin hadarinmu daga wata uwa duniya, mu da aka haife shi a bayan gidanmu muna gardamar ko akwai shi.

Wuta ma haka. Idan hunturu ya busar da ciyawa, yaro ya cinna wa daji ashana don gafiya guda, tauraron na ganin zafin wurin kamar ɗigo a taswira. Sai dai kafin ɗigon ya zama labari, tarin shinkafar maƙwabci da ba a casa ba ya zama toka. Nan kam hancin mai unguwa ya fi na'ura sauri.

Yanzu bari in ba ku naku, kada ku ce na cinye gardamar ni kaɗai. Hasashe yana kuskure. An sha cewa za a yi ruwa a wayi gari da rana ƙwal, don masu abin yiwuwa suke aunawa, ba rantsuwa suke yi ba. Kuma idan sanarwa ta zo daga hukumomin agajin gaggawa, NEMA ko SEMA, cewa a koma kan tudu, kuna da hakkin tambaya: tudun wa? Da awakin da rumbun za a hau? Ajin firamare nawa zai ɗauki ƙauye guda? Gargaɗin da ya tsaya a takardar Turanci a ofis, bai bi ta rediyo da bakin liman da mai shela ba, da shi da babu duk ɗaya. A wannan ina bayanku, har in riƙe muku sanda.

Makon jiya na leƙa gidan Kawu. Na tarar an jera tubala an ɗora katako, buhunan gero duk sun hau sama, har da keken ɗinkin Inna. Rediyo na rataye a ƙusa, an ƙure murya. Na yi gyaran murya na ce, "Kawu, ko mutanen Abuja sun yi magana ne?"

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ɓeraye ne suka dame ni. Miƙo min tubalin can, ka rage surutu, yanzu za su karanto na Ringim."