Wai Ai Akwatin Bincike Ne Kawai

Na hango ku kuna taɓe baki tun ban fara ba. An ce za a yi maganar neman kayan manhaja a rumbu irin Nexus na kamfanin Sonatype ko Artifactory na JFrog, sai ga wani ya miƙe: "Haba malam, ka rubuta suna ka danna, shi ke nan. Wannan ma har sai an ɓata tawada?" To yallaɓai, tunda ka iya, zo mu gwada.

Buɗe rumbun ofishinku ka rubuta log4j. Ga log4j-core, ga log4j-api, ga tsohon log4j 1.2.17, ga kuma log4j-over-slf4j wanda ba ma daga gidan Apache ya fito ba. Wanne kake nema? Ka yi shiru. Abin da ka yi bai da maraba da tsayawa tsakiyar Kasuwar Kurmi ka ƙwala kiran "Musa!" Mutum ashirin za su waiwayo, kuma mai riƙe da bashinka ba ya cikinsu. Dalilin ke nan da Maven ya ba kowane kaya adireshi mai hawa uku: gidan da ya fito, sunansa, da sigarsa. Ka ce org.apache.logging.log4j, log4j-core, 2.14.1, sai guda ɗaya tak ya amsa.

Ba da gangan na zaɓi wannan lambar ba, in ji mai ƙarya. A watan Disamba na 2021 aka bankaɗo ɓarakar da ake kira Log4Shell, kuma 2.14.1 na cikin sigogin da ta shafa. Ɓarakar tana cikin log4j-core ne, log4j-api lafiyarsa ƙalau. Apache suka fitar da 2.15.0, aka ga da sauran gyara, suka fitar da 2.16.0, sannan 2.17.0, sannan 2.17.1, duk a wata guda. A makonnin nan kowane shugaba tambaya ɗaya yake yi wa ma'aikatansa: muna da shi ko ba mu da shi? Masu rubuta suna su danna suka amsa da ƙarfi cewa babu. Ashe yana nan kwance cikin cikin wani fayil ɗin jar, wani laburaren ya haɗiye shi ya shigo da shi gida ba sallama. Sai da aka koma farautar ajin nan mai suna JndiLookup a cikin fayilolin kansu kafin aka san gaskiya.

Na ji wata daga baya tana cewa, "Mu dai sunayen fayilolinmu a tsare suke." Allah ya ƙara tsari, Hajiya. Amma ki leƙa tsohon aikin da wani ya bar muku kafin ya canza wurin aiki, za ki tarar da wani abu wai shi lib-sabo-na-ƙarshe.jar, ba wanda ya san ubansa. A nan ake ciro tambarin SHA-1 na fayil ɗin, haruffa da lambobi 40, a manna a akwatin binciken rumbun jama'a na Maven Central. In kayan Maven Central ne ba a taɓa shi ba, nan take zai faɗi sunansa na yanka da sigarsa, ko an sake masa suna sau goma. In kuwa bai fito ba, to mai yiwuwa wani ya yi masa gyaran hannu ko ya gina nasa, kuma wannan labarin ya fi na farkon tayar da hankali.

Ga malam mai gilashi ya ɗaga yatsa: ai an karya SHA-1 tun 2017, lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka samar da fayil biyu masu tambari ɗaya. Gaskiyarka, mun ga karatu. Yi amfani da SHA-256 hankalinka ya kwanta. Mu dai sunan baƙon da ke cikin ɗaki muke tambaya, kuma wannan tsohon tambarin yana iyawa har gobe.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai zuwa da fushi wai rumbu ya lalace, ya nemi kaya bai gani ba alhali yana nan a intanet. Rumbun lafiya lau yake. Ɓangaren Nexus 3 da ke tsaye tsakaninku da Maven Central ko npm ba ya nuna komai a bincike sai abin da wani daga cikinku ya taɓa jawowa ya ajiye. Kai kana ganin gazawa, ni kuwa abin da na fi so game da shi ke nan, don duk abin da ya fito a binciken, tabbas ya taɓa shigowa gidanku.

"To mu kai tsaye muke saukewa, ba ruwanmu da wani rumbu." Madalla da masu datar banza. A watan Maris na 2016 Azer Koçulu ya janye kayansa daga npm bayan saɓani a kan sunan kik, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal, gine-ginen manhajoji masu dogaro da Babel da React suka riƙa faɗuwa a faɗin duniya. Wanda ke da kwafi a rumbunsa bai ma ajiye kofin shayinsa ba. A 2017 kuma aka kama wani crossenv a npm yana satar bayanan sirri, bambancinsa da cross-env na gaskiya ɗan layin tsakiya ne kawai.

Sai Alex Birsan a watan Fabrairun 2021. Ya gano sunayen kayan da wasu kamfanoni ke amfani da su a cikin gida, ya ɗora nasa masu suna iri ɗaya a rumbunan jama'a, ya ba su lambar siga mai girma. Na'urorin gini suka ga babbar lamba suka kwaso nasa. Da haka ya shiga kamfanoni fiye da 35, har da Apple da Microsoft, suka biya shi ladan tona asiri sama da dala 130,000. Injiniyoyin can ma, ranka ya daɗe, sun iya rubuta suna su danna.