Jinjina Ga Akwatin Maƙwabcina Mai Wat 5,000

Tun da maƙwabcina ya sayo amfilifaya, unguwarmu a Tambuwal ta huta da abubuwa da yawa. Mun huta da barcin rana, wanda dama lalaci ne. Mun huta da gulma, don ko ka yi ba mai jin ka. Wasu mata biyu da suka shekara suna cacar baki ta kan katanga sun yi shiru ba tare da kowa ya shiga tsakani ba. Abin da ya gagari mai unguwa, akwati ya gama shi cikin mako guda.

Ina wurin aka yi cinikin. Mai shago ya shafa kwali, ya nuna jan rubutu, 5000W PMPO, ya ce, "Alhaji, wanga in ka buɗe shi, har Kebbe sai sun jiya." Ni kuma da karambani na juya bayan akwatin, na ga ɗan ƙaramin rubutu cewa wat 60 yake sha daga soket. A ba shi 60 ya mayar da 5,000! Injiniyoyi na can Kainji tun 1968 suna fama da ruwan Neja ba su gano wannan sirri ba, ashe yana nan a shagon bakin titin Jega. Mahassada za su ce ma'aunin gaskiya shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana ta aiki, PMPO kuwa lamba ce da kowane kamfani ke rubutawa yadda ya ga dama. To, sai me? Wa ya taɓa ɗora kirari a kan sikeli?

Ku tuna abin da na da suka yi fama da shi, rediyo mai bawul, kwalaben nan na gilashi da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro a 1904, Lee de Forest ya inganta a 1906. Sai ka kunna ka zauna jira, zaren ciki ya yi ja kamar garwashi, sannan ya yi maka sallama. Ga shan wuta, ga zafi, a ƙasar da Afrilu ke haura digiri 40. Amma babban laifinsa kunya ce. In ka matsa masa fiye da ƙarfinsa ba ya tsagewa nan take, sai ya lanƙwasa sautin a hankali, ya ƙara masa wani amo mai jituwa da na asali, abin da masu kunne ke kira ɗumi. Har yau a Japan da Amurka akwai masu zuba kuɗin mota a kan amfilifaya mai bawul 300B, ƙirar Western Electric ta 1938, wadda guda ɗaya wat 8 take bayarwa. Takwas! Su shiga ɗaki su rufe ƙofa su saurara su kaɗai. In wannan ba rowa ba ce, ban san rowa ba. Maƙwabcina bai taɓa cin waƙa shi kaɗai ba.

Turansista kuwa da halinsa na kirki ya zo. An ƙirƙiro shi a Bell Labs a 1947, mutum uku suka raba kyautar Nobel a kansa a 1956. Shi ya mayar da rediyo abin ratayawa mai cin batir, ya kai Sashen Hausa na BBC da Rediyon Kaduna gona da ruga, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna har Kuchi, inda babu ko sandar wuta. In an bar shi cikin iyakarsa ya fi bawul fitar da sauti tsaf yadda aka ɗauke shi, bai cika zafi ba, batirin sola ya ishe shi. Wannan tsabtar ita ce ɗan aibinsa, kuma alhamdu lillahi mun samo maganinta: a murɗa maɓalli har ya ƙure. Turansista bai iya lanƙwasa ba. In ya kai bango sai ya sare kan sautin kamar an sa adda, abin da ke fitowa daga lasifika ya koma ƙarar yagar atamfa.

A nan ake ganin adalcin akwatin. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun ɓata shekaru suna sassaƙa kalma, 'yan amshi na karɓa, kotso na magana a ƙasa-ƙasa. Jankiɗi na da taushinsa. A gidan maƙwabcina duk an daidaita su, ba babba ba yaro: kotso, taushi, kalangu da kiɗan fiyano na 'yan fim, dukkansu "dum dum" ne da ke kaɗa kwanon rufi. Ba sai ka wahalar da kanka wajen neman ma'anar baiti ba, tunda baitin bai iso ba.

Ga kuma albarkar kasuwa. Kunnen ɗan Adam sai an ninka wat sau goma yake jin ƙara ta ninka sau biyu, don haka mai neman ƙara ba ya gama saye. Sautin da aka sare kuma shi ke ƙona ƙaramar lasifika mai fitar da siririyar murya. Sau uku ke nan ana kai ta maƙwabcina wurin mai gyara, bawan Allah mai iyali. Wa zai so a toshe masa hanyar abinci?

Masana lafiyar ma'aikata sun ce kunne na jure desibel 85 na awa 8, a desibel 100 kuwa minti 15 ne kawai, kuma ƙananan gasun cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara. Su suka san wannan. Mu abin da muka gani riba ce. Yaran gidan, da suke kwana kusa da akwatin, yanzu ba a aikensu, don sai an kira sau huɗu suke waiwayowa. Ni kaina ko an ɗauke wuta ba na kaɗaici, akwai wani siririn ƙugi da ke raka ni har asuba, ba batir ba janareta.

Saboda haka, Alhaji, roƙona ɗaya ne. Na ji an kawo mai wat 10,000. Kada ka ji kunyar kowa. Sai dai in an kawo, a juya lasifikar ta fuskanci tagar ɗakina ta yamma, domin kunnena na dama har yanzu yana ɗan ji.