Yadda Ruwa Ya Zama Saniya

Tun da aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, sunan PCR ya shiga bakin kowa, har masu shayin Agege. Ni kuwa ban tsaya a baki ba, na je koyon aikin a wani ɗakin bincike. Daga ranar da maƙwabta suka ga farar rigata a kan igiyar shanya na zama Likita, ana tare ni a ƙofar masallaci da zancen basir.

Aikin na'urar PCR ninki ne kawai. Ta ɗauki ɗan guntun DNA ta gasa shi a digiri 95, igiyoyinsa biyu su rabu, ta sauko wajen digiri 60, sai wani sinadari mai suna Taq, da aka samo daga bakteriyar maɓulɓular ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, ya kwafi kowace igiya. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. A zagaye na 30 an haura biliyan. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya ci kyautar Nobel a 1993. Irin wadda muke koyo tana fitar da haske yayin ninkin, kana zaune kana kallon layi yana tashi a kwamfuta. In ya tashi da wuri, abin da ake nema yana da yawa.

Madam, mai koyar da mu, ta ce mu nemo DNA na saniya a samfurin nama, irin gwajin da ake gano algus da shi. Faranti ne mai ramuka 96, kana ɗiga abin da ido ba ya ko gani, numfashi a riƙe. Wasu ramukan ruwa zalla ake zubawa, su ne shaidu, layinsu dole ya kwanta.

Sai ga layin ruwa ya miƙe.

"Ikon Allah," in ji ni. Madam ta ce a nan ba a cewa haka. Aka sake ruwa, aka goge teburi da bilic, aka kunna fitilar kashe ƙwayoyi, aka buɗe sabon kwalin sinadarai da ake saye da dala. Na'ura ta sake cewa saniya. Nan fa ido ya dawo kaina, don kowa ya san kawuna mahauci ne a mayankar Oko-Oba, kuma ta rumfarsa nake biyowa da safe in gaishe shi. Aka tuɓe min riga, aka sa ni wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Madam ta zauna da kanta ta haɗa faranti.

Saniyar Madam ta riga tawa tashi.

Mai shara ce ta warware mana. Ta jawo kwalin safar hannu, sai ga takarda mai maiƙo a ƙarƙashinsa, da guntun kilishi da barbaɗin yaji. Kilishin kawu ne, ban musa ba. Amma wa ya ce min, "In za ka zo gobe, ka ce wa Baba ya ƙara yaji"? Wa ya ɓoye rabonsa a can don kada ɗalibai su gani? Ɗaki ya yi tsit, Madam tana ta gyaran tabarau.

Da na ba kawu labari, bai yi dariya ba. Ya ce, "Wato injin Turawa ya shaida naman saniya ne?" Na ce ƙwarai, Kawu. Ya ce to in rubuto masa a takarda da hatimi, ya manna a rumfa.

An kafa doka a ƙofar ɗakin: ba a shiga da abinci. Madam kuma yanzu a bakin get take karɓar kilishinta, ranar Juma'a bayan an tashi.