Wasiƙa daga Amurka: farautar da ake farawa da cika takarda

Daga ɗan Deule mazaunin Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, zuwa ga taubashinsa, maharbin da ya ƙare zomayen Adar tun daga Buza har bakin Keita. Ga labarin barewar da ka ce a aiko maka da ƙahonta.

Taubashinka ya bincika, an ce masa in barewa yake so sai jihar Wayomin, tafiyar sama da kilomita 2,500 daga inda yake zaune. Jiha ce mai faɗi, mutanenta ba su kai 600,000 ba, barewarta kuwa dubban ɗaruruwa. Turawa na kiranta pronghorn. Tana gudun da ya haura kilomita 80 a awa, tana zubar da kuben ƙahonta duk shekara, kuma masana sun ce danginta na kusa shi ne raƙumin dawa irin na Kure. In ta tarar da shingen waya, ƙarƙashinsa take bi da ciki. Ka gaya wa tsofaffi an samu ƙasar da barewa da ɗanta duk rarrafe suke yi.

Taubashinka ya zaci abin irin na gida ne: a buga gangi, a kira karnuka, kowa ya saɓi gorarsa. Ina! Hukumar namun daji ta Wayomin ta yanyanka jihar zuwa yankunan farauta, kowanne da lambarsa da adadin dabbar da za a harba a shekara. Mutum zai zaɓi yanki, ya cika takarda ta intanet kafin ƙarshen watan Mayu, ya biya kuɗi, sannan ya jira ƙuri'a a watan Yuni. Duk wanda bai shekara a jihar ba baƙo ne, ko da kakansa ne ya kafa Amurka, kuma baƙi kashi 20 cikin 100 na takardun izinin farauta kawai ake ware musu.

Ga farashi. Ɗan gari na biyan dalar Amurka 37. Baƙo na biyan 326, wato kusan jikka 200 na sefa. Akwai kuma layin masu hannu da shuni, wanda tun 2024 ya koma dala 1,200. Taubashinka ya lissafa raguna nawa wannan kuɗi zai saya a kasuwar Madawa, sai ya tashi ya sha ruwa.

Wanda ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba yana iya sayen maki ɗaya kowace shekara. Kashi 75 cikin 100 na takardun baƙi na tafiya ga masu maki da yawa, sauran a bar wa sa'a. Akwai yankunan da mutum zai yi furfura yana tara maki kafin ya taka su.

Nan ne dabarar take. Gabashin jihar, wajen garin Jilet, takarda na da sauƙin samu, amma yawancin ƙasar ta masu garken shanu ce. Sai ka riƙe takardarka, barewa na kallonka daga bayan waya, in ka tsallaka ba da izinin mai fili ba ka kwana da tara. Kudancin jihar kuwa, wajen Rolins da jejin da suke kira Jar Hamada, filin gwamnati ne iya ganinka, domin hukumar filayen tarayya, BLM, na riƙe da hekta sama da miliyan 7 a jihar. Amma kowa ya san haka, shi ya sa layin can ya fi tsawo. Masu wayo na neman tsaka-tsaki: su buɗe taswira, su duba ko hanyar mota ta jama'a ta taɓa filin gwamnati, su duba alƙaluman ƙuri'ar bara, sannan su rubuta lamba.

Ko filin gwamnatin ma da sauran rina a kaba. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogo na kamfanin Union Pacific bayan dokar 1862, an rarraba ƙasar gefen layin kamar gurbin dara: wannan gida na kamfani, na kusa da shi na gwamnati. A 2021 wasu maharba huɗu daga jihar Mizuri suka zo da tsani, suka haura daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata kusurwar ba tare da sun taka ƙasar attajirin da ke tsakani ba. Attajiri ya kai ƙara, ya ce ai iskar da ke saman filinsa ma tasa ce. Sai a watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba maharban gaskiya. Rigimar iyakar gonarku da maƙwabcinku ashe wasan yara ce.

Kada ka yi musu dariya da yawa. A farkon ƙarni na 20 barewar nan ta kusa ƙarewa, ƙidaya da ƙuri'a da kuɗin takardu suka dawo da ita. Da sanyin 2022 zuwa 2023 ya kashe da yawa, hukuma ta rage takardu dubbai, maharba suka haƙura. A Nijar ma akwai dokar farauta ta 1998, akwai gandun Gadabeji tun 1955. To ka tambayi kanka yaushe rabon da a ga barewa a bayan Deule.

Taubashinka dai ya sayi makinsa, ya kuma sayi hula ruwan lemo mai ƙyalli da doka ta wajabta wa mai bindiga don kada a harbe shi a madadin nama. Hotonsa da hular ba zai zo hannunka ba, don ya san har kasuwar Buza za ka zagaya da shi.

Ƙaho sai ƙuri'a ta faɗo. Kafin nan ka gaida Inna da Kawu da duk mutanen gida, kuma kada ka ba kowa kilishi ya kawo, ma'aikatan kwastan na filin jirgi ƙwacewa suke yi. Wassalam.