Baƙo a Gidan Motsa Jiki

Gidan motsa jiki wuri ne da mutane ke biyan kuɗi don a wahalar da su tare, a kan lokaci, da kiɗa. A Dutsi ta shiyyar Daura ma akwai irin wannan wahala, sunanta gayya, sai dai a can mai gona ne ke ciyar da masu zufa, da fura da goro. Shi ya sa mutumin Dutsi da tafiya ta kai Kano ko Abuja, mai masaukinsa ya ja shi motsa jikin safe, yakan fara da mamakin wai shi ne zai biya.

Da shigarsa ake miƙo masa takarda ya sa hannu cewa in ya faɗi ba ruwan gidan. Jamfa da hula ba sa shiga, don haka akan ara masa wando mai matse cinya da takalmin kambas. Kocin kuwa sau da yawa bai kai ɗan autansa ba, amma shi ke daka tsawa: "Baba, ƙasa! Baba, sama!"

Baƙo yakan laɓe a sahun baya, madubin bango kuma ya tona masa asiri. Ƙarfe bai dame shi ba, ai ya saba da buhun gero. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne keken da ake tuƙawa minti 30 ba a gusa ko taku ɗaya ba.

Ciwon cinyar ba ya zuwa ranar. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake sallama, yawanci wajen tasowa daga sujada, ko a kujerar bayan motar Daura, inda ake zama mutum huɗu.